Gefen da Sammani Bai Auna Ba

Har yau in ka zauna a teburin mai shayi a Safana, sai ka sami wanda zai rantse maka cewa benen Alhaji Ɗanmaraya na Batsari da kansa ya juya. Wai da fari kudu yake kallo, sai wata ranar kasuwa da hantsi ya ga abin da ya fi ƙarfin idonsa, ya yi wani dogon nishi, ya ba kudu ƙeya ya fuskanci arewa, da kantunansa da ofisoshinsa da baƙin da ke kwance a sama. Akwai telan da ya ce yana cikin taka keke ya ɗaga kai ya ga 'yan hatsi a inda ya bar masallaci. Wani kuma ya ce jakin da ya ɗaure a gindin ginin, a ɗaya gefen ya je ya same shi yana haki.

To ƙarya ce, sai dai mai daɗi. Ginin nan ko taki ɗaya bai gusa ba tun ranar da aka zuba harsashinsa. Tagoginsa ne suka yi ƙaura, kuma wanda ya tashe su shi ne Sammani, ɗan goggona, taubashina, wanda al'ada ta ba ni izinin in ja shi a ƙasa duk ranar da na tashi da nishaɗi.

A Karare aka haife shi, shekara tara kafin mulkin kai. Ubansa Malam Jinjiri maginin rumbu ne. Lokacin da sa'o'insa ke bin gafiya a gonakin gero, shi yana gindin tsamiya yana gina gari da laka, har da kasuwa da hanyar da tururuwa za su bi. Ran bikin mulkin kai aka raba wa 'yan makaranta tutoci, kowa ya kaɗa tasa har ta yage. Sammani ya cire ƙyallen ya ba ƙanwarsa, ya riƙe sandan yana jan layi da shi. Daga nan sai makarantar koyon sana'a a Katsina, daga can sai Kaduna, ofishin wasu masu zanen gine-gine. Aikinsa shi ne ya ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen manya ya kwafe shi layi-layi. Shekara bakwai yana kwafar gidajen mutane.

Zamanin kuwa kuɗin man fetur ya shigo, an daina fam da sule an koma naira, duk wanda ya ci kwangilar kwalbati biyu sai ya ce bene yake so. A ofishin nan Sammani ya ga irin zanen da ya hana shi sukuni: gari guda cikin katanga ɗaya. Kantuna a ƙasa, ofisoshi a gefe, gidajen kwana a baya, masaukin baƙi a sama. Mutum ya tashi, ya yi ciniki, ya sa hannu a takarda, ya sauki baƙonsa, bai taka titi ba. Ya riƙa cewa a ransa, in Allah ya ba shi fili da mai siminti, sai ya yi wa Batsari irinsa.

A cikin shekarun nan ya auri Hansai, 'yar farin Inna Kulu. Inna Kulu Bafulatana ce da ta zauna a Batsari bayan shanun mijinta sun ƙare, tana sayar da fura da man shanu a gidanta da ke kudu da kasuwa. Kowa yana jin kunyar surukarsa, amma ta Sammani ciwo ce. Ya taɓa hango mayafinta daga nesa a kan hanya, ya yar da basukur ya faɗa gonar dawa, ba a sake ganinsa ba sai a Karare. Shekara huɗu da aure bai san kamannin fuskarta ba. In zai gaishe ta, daga bayan zana yake durƙusawa ya yi gunaguni, ita ma ta yi nata daga ciki, kowa ya kama gabansa.

Sai Alhaji Ɗanmaraya ya aika a kira shi. Dillalin shanu ne da ya zama ɗan kwangila, ya sayi wani ƙaton fili tsakanin kasuwa da unguwa.

"Injiniya," in ji Alhaji. Sammani ba injiniya ba ne, amma ban taɓa jin ya gyara wa kowa ba. "An ce a Kaduna kuna zana gini wanda in mutum ya shiga sai an riƙe masa hannu ya fita. Irinsa nake so. Fataken Jibiya da na Zamfara su daina kwana a zauren mutane, su kwana a sama kamar shamuwa."

"Alhaji, sai na auna filin tukuna."

"Auna har da ni in kana so."

Washegari da sassafe ya fita da tef ɗinsa. Ya auna arewa, wajen kasuwa. Ya auna gabas. Ya auna yamma, har ya tsaya ya jiƙa yatsa ya ɗaga don ya ji inda iska ke kai warin mahauta. Da ya doshi kudu sai ya ji wata murya daga bayan zana tana kiran kaji. Ya san muryar. Iyakar filin Alhaji ta kudu, ita ce dangar Inna Kulu, daga wannan kusurwa har waccan. Ya naɗe tef, ya juya, ya ce wa kansa ai mai ilimi ba ya buƙatar gefe na huɗu in yana da uku, lissafi zai ba shi. Lissafi kuwa ya ba shi. A takarda ya ja layin kudu ɗoɗar, abin da ke bayan layin ya bar shi fari fat.

Zanen da ya yi, ko ni da na bar makaranta a aji huɗu na san ya yi kyau. Kantuna ashirin suna kallon kasuwa, kowanne da sitonsa a baya. Ofisoshi shida a yamma, na malamin dabbobi, na masu awon gyaɗa, na mai rubuta wasiƙa, har da wani babba da ya ware wa banki, wanda bankin bai zo ba har yau. A gabas gidaje huɗu na ma'aikatan da ake turowa daga birni, da ƙofarsu daban don kada matan gida su ratsa ta cikin 'yan ciniki. Rijiya a tsakiya, ɗan masallaci kusa da ita, da turken jakuna da raƙuma a inda warinsu ba zai kai ga mai tuwo ba. Ya tuna da jaki, ya tuna da raƙumi. Sama kuma ɗakunan baƙi goma sha biyu a jere, kowanne da ƙatuwar taga tana kallon kudu, saboda daga can iska mai sanyi ke zuwa da bazara.

Aka yi wata goma sha huɗu ana gini. Sammani yana Kaduna shi da Hansai, sai ƙarshen wata ya zo ya duba, kuma duk zuwan da zai yi ta arewa yake shiga ta arewa yake fita. Wanda ke riƙe da aikin shi ne Uwaisu, tsohon magini mai gemu ja. Tun ranar da bulo ya wuce tsawon mutum Uwaisu ya ga abin da ake ciki. Kowace safiya kafin leburori su hau, sai ya yi abin da magina suka saba, ya ɗaga murya: "Za a hau sama! Mata a kintsa!" Inna Kulu ta kafa 'yar rumfa da tabarmi, a ciki take daka, a ciki take dama fura, cikin zafi, wata da watanni. A ganinta magina baƙin kwana kaɗan ne, in sun gama za su sauka, ta sami tsakar gidanta.

Sau uku Uwaisu ya gwada faɗa wa Sammani.

"Injiniya, tagogin nan na kudu, ka san gidan surukarka..."

Da jin kalmar sai Sammani ya sunkuyar da kai, ya ce, "Suna lafiya, suna lafiya, Allah ya saka da alheri," ya zarce wajen rijiya yana tambayar zurfinta.

A karo na uku Uwaisu ya girgiza kai ya ce wa leburorinsa, "Takarda dai ta fi mu sani. Halan akwai wata dabara da za ta fito daga baya."

Inna Kulu kuwa ba ta da bakin da za ta aika. Ba za ta yi wa suruki ƙorafi ba. Hansai kuma 'yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta faɗa, balle ta zaunar da ita ta kai ƙarar mijinta. Fulako, kunyar Fulani, ya kama wancan gefe, kunya ta kama wannan, gini yana ta tashi a tsakani.

Aka sa ranar buɗewa ranar kasuwa. An shafa wa ginin farar ƙasa, an sa wa tagogi ƙyamare na katako, duk a rufe. Alhaji ya gayyato dillalai daga Jibiya, da akawuna daga Katsina, da wasu alhazai daga Safana. Sammani ya sa kwat mai aljihu huɗu da fensir uku a na sama, ya naɗe zanensa a hammata, ya shiga gaba. Ya nuna kantuna aka ce madalla. Ya nuna rijiya aka ce sai Injiniya. Aka hau sama. Kuma da yake yau ba magina ne suka hau ba, manyan baƙi ne, babu wanda ya tuna ya yi kiran a kintsa.

"Yanzu kowa ya shiga ɗaki ɗaya," in ji Sammani, "ya kama ƙyauren taga. In na ce bismilla ku buɗe tare, ku ji iskar da babu irinta ko a Kaduna."

Ya ce bismilla. Tagogi goma sha biyu suka buɗe baki ɗaya.

A ƙasa, a tsakiyar tsakar gidanta, Inna Kulu ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne. Rana ta farko ke nan da ta fito daga rumfar nan cikin kwanciyar hankali. Da ɗaurin ƙirji take, babu ɗankwali, maƙwabciyarta Turai tana yi mata kitso. An kitse rabi, ɗaya rabin furfura ce tsaye cirko-cirko tana kallon sama. Ta ji ƙarar katako ta ɗaga kai. Huluna goma sha biyu, gemu wajen takwas, a tsakiyarsu kuma mijin 'yarta cikin kwat, ya miƙa hannu waje kamar mai cewa ga ta nan ku gani.

Ranar ce Sammani ya fara ganin fuskar surukarsa.

Sai wani dillali daga Jibiya, wanda bai san kowa ba, ya leƙo da fara'a ya ce, "Sannu da hutawa, Inna! Akwai fura?"

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki faifan da ke rufe da ƙwaryar nono ta ɗora a kanta, ta miƙe a hankali, ta shiga ɗaki. Kafin la'asar ta ɗaure ƙorenta, ta kora awakinta biyu, ta kama hanyar Zakka, rugar ƙanenta Manu.

Sammani da baya da baya ya sauko matakala. Ya shige siton kanti na bakwai ya zauna bayan ragowar buhunan siminti, yana jin ana rabon goro a waje ana tambayar ina Injiniya. Bai fito ba sai da kasuwa ta watse. A gidan da suka sauka ya tarar da Hansai ta ajiye masa tuwo ta juya masa baya.

"Malam," ta ce, ba ta waiwayo ba, "shekara ashirin tana gidan nan. Fari bai tashe ta ba. Rasuwar Baffa ba ta tashe ta ba. Kai ka tashe ta da fensir."

Tuwon nan haka ya kwana.

Da safe ya sami Alhaji ya ce a toshe tagogin. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"In toshe, baƙina su gasu kamar tsire? Kai ka ce iskar kudu, na yarda da kai. Ka aika wa tsohuwa ta riƙa ɗaura ɗankwali mana."

"Alhaji, gidanta ne."

"Wannan kuma nawa ne."

"Ba ni kwana bakwai. In ban kawo maka iska ba tare da ido ba, ka kira ni duk sunan da ka ga dama a tsakiyar kasuwa."

Ya zauna da takarda kwana biyu bai ja layi ɗaya ba, don ya gane ba zai iya gyara abin daga inda yake ba. Sai ya tsaya inda ta zauna ya ga abin da ta gani. A rana ta uku da hantsi ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya tsaya a ƙofar gidan Inna Kulu ya yi sallama sau uku, alhali ya san babu kowa sai wata kaza da ta ƙi bin tafiya. Ya shiga yana sanɗa. Kujerar tana nan inda aka bar ta, tsinken kitso a ƙasa kusa da ita. Ya ga 'yar rumfar da tabarminta da suka yi baƙi da hayaƙi, ƙasa-ƙasa, ba ta kai mutum ya miƙe tsaye a ciki ba. Ya leƙa ya ga turmi da murhu da shimfiɗar salla duk a cushe. Nan ya gane wata nawa tsohuwar ta yi a ciki.

Ya tsuguna kusa da kujerar, don bai iya zama a kanta ba, ya ɗaga kai. Daga nan ƙasa ginin nasa ba shi da kyau ko kaɗan. Babu lungun gidan da tagogin ba su gani, har bakin makewayi.

Ya ciro tef ya auna gefen kudu. Awon ya fito daidai da lissafinsa, ko inci ɗaya bai kuskure ba. Ya daɗe yana kallon lambar.

Abin da ya zana shi ne a toshe tagogin kudu duka da bulo, a huda wasu ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, a karkace su suna kallon sama, irin na tsofaffin soraye. Iska ta shigo, ido kuwa ko ya leƙa sai gajimare. Sannan a fasa sababbin tagogi a arewa, su kalli kasuwa, iskar da ta shiga ta kudu ta sami mafita. Uwaisu ya duba takardar ya ce, "To, ga dabarar ta fito."

Da aka gama, Sammani bai yarda da idonsa ba. Ya je kara, wajen cinikin dabbobi, ya samo wani Buzu mai raƙumi, wanda ya fi kowa tsawo a kasuwar ranar, ya hau da shi sama, ya kife turmi ya ce ya taka ya leƙa.

"Mi kake gani?"

"Shirwa."

"Sai mi?"

"Wata shirwar."

Haka suka bi ɗaki goma sha biyu. Alhaji kuwa da ya gane fatake za su riƙa ganin shanun da ke shigowa kara daga kan gadonsu, sai ya riƙa faɗa wa mutane ai dama shi ya ba da shawarar.

Saura Zakka. Sammani ya ɗaura goro da kanwar shanu a bayan babur ya tafi. Bai shiga rugar ba, ya zaga bayan bukkar da aka ce tana ciki ya durƙusa a rana. Kawu Manu ya fito da sandarsa ya tsaya a tsakani, aka yi gaisuwar shanu da ta ruwa da ta gajiya har ta ƙare. Sammani ya faɗa wa ƙasa abin da aka yi wa ginin, Manu ya maimaita wa bukka. Sannan murya ta fito daga ciki.

"Manu, ka tambayi baƙon. A takardar tasa, mi ya sa a inda gidana yake?"

Manu ya dube shi. Sammani ya amsa wa ƙasa.

"Ban sa komai ba."

"Ya ce bai sa komai ba."

"Fili ke nan."

"Kawu, kunya ce ta hana ni dubawa."

"Ya ce kunya ce."

"Ka ce masa na ji. Amma kunyar da ba ta san inda nake zama ba, shi ta yi wa amfani, ba ni ba."

Manu bai maimaita wannan ba, don ya ga ta isa inda aka aike ta. Aka kawo wa baƙo nono ya kasa sha. Ya koma Batsari shi kaɗai.

A makon ya sake zana ginin tun daga farko, alhali babu mai buƙata. A bayan layin kudu ya sa ɗakin Inna Kulu, da madafa, da turken awaki, da zogalen da ke bakin danga, da ɗan da'ira a inda kujerarta take. Ya ba Hansai ta kai Zakka. Hansai ta ce tsohuwar ta juya takardar sama da ƙasa, ta sa Manu ya nuna mata zogalen, ta ce an rage masa tsawo. Bayan an yanke gero Inna Kulu ta dawo da awakinta, sun zama uku. Ta kwashe rumfar nan ta yi makamashi da ita.

Sammani bai koma Kaduna da zama ba. Ya yi sauran aikinsa tsakanin Batsari da Safana, yana zana shaguna da gidaje da ɗakunan shan magani. Sai dai ya zama mai zanen da ya fi kowa jinkiri a ƙasar nan. Kafin ya ja layi ɗaya sai ya bi maƙwabta gida-gida ta kowane gefe, ya gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi inda mata ke zama da inda ake shanya. Na san mutumin da ya ba shi aikin shago ɗaya, kafin ya gama gaishe-gaishe mai shagon ya yi jika. Inna Kulu kuwa har ta koma ga Allah bai daina faɗawa gona ba in ya hango ta, sai dai yanzu yakan jingine basukur ɗin tukuna.

Kwanan baya a wajen sunan jikarsa, mutane sun cika ƙofar gida, na ga ya zauna cikin dattawa kamar mutumin kirki. Na ɗaga murya na ce, "Injiniya mai gefe uku! Ga baƙi sun zo daga nesa, ba za ka hau da su sama su gaida mutan gida ba?"

Aka fashe da dariya. Ya bari ta lafa, ya gyara zaman hularsa, ko kallona bai yi ba.

"Ni sau ɗaya na ga surukata, na toshe taga goma sha biyu," ya ce. "Kai da kake cin tuwo a gaban taka har ka miƙa mata kwano ta ƙaro miya, mi ka toshe?"